Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A zamanin En'e, tun kafin gyaran 1976 wanda ya kawo ƙananan hukumomi, an yi wani akawu a wani babban ofis na ƙasar Arewa, wanda ya ke da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Kullum littafin nan yana cikin aljihun rigarsa tare da goro da carbi. Abokan aikinsa su kan kira shi littafin tagwaye, domin ba kome a ciki sai kalmomin Turanci biyu biyu, ko uku uku, waɗanda kunne ke ji kamar ɗaya, amma a rubuce dabam su ke, ma'anarsu kuwa ta yi hannun riga. In an kawo sabon yaro ofis, tun kafin a nuna masa yadda a ke sa takarda a tafireta, sai akawun nan ya zaunar da shi ya karanta masa littafin daga farko har ƙarshe. Waɗansu suna ganin tsananin ya yi yawa. Amma waɗanda suka san mafarin abin ba su ga laifinsa ba.

Ga yadda aka yi. Shi dai akawun nan ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, sa'an nan ya yi shekara huɗu a elementare. Turancinsa ba na babbar makaranta ba ne, tsintarsa ya yi a cikin fayil-fayil na ofis da karatun dare. Yana da kyan hannu, yana da sauri, shi ya sa manyansa ke son aikinsa.

Cikin bazarar 1953 wani ƙaramin Di'o, sabon zuwa, wanda bai riga ya ji Hausa sosai ba, ya fita rangadi. Akawunsa ya kwanta ciwo a hanya, sai aka aika da namu akawun ya riƙe masa. A wata gunduma aka kawo wa Baturen nan maganar gona tsakanin wa da ƙane. Ubansu ya rasu ya bar musu gona ɗaya, alƙali ya raba musu, aka dasa gamba a tsakani. Wan ya ƙi yarda, ya tuge gambar, ya share gonar duka, ya kuma kai kuka wurin Bature. Bature ya duba littafin alƙali, ya saurari tafinta, ya ga hukunci ya yi daidai. Akawu ba ya wurin sa'ad da a ke wannan, yana can bariki yana lissafin kuɗin alaro.

Da magariba ta yi aka kira shi. Bature yana tsaye yana shiftar takarda da baki, akawu yana rubutawa a gindin fitila. A cikin maganar ya ce kowane ɗayansu "is to keep his piece", watau kowa ya riƙe yankinsa na gonar. To, akawu ya sha ganin "keep the peace" a takardun shari'a, inda a ke ja wa masu husuma kunne su zauna lafiya. Da kunnensa ya ji abin da ya saba, sai hannunsa ya bi, ya rubuta "peace". Zuciyarsa ta ɗan yi ɗar, ya so ya tambaya, amma kunya ta hana shi, kada Bature ya ce an aiko masa da wanda bai iya ba. Ya buga takarda, Bature ya sa hannu bai karanta ba, don sauro ya dame shi, abincinsa kuma yana hucewa.

Takarda ta isa birni, wani malami ya juya ta da Hausa kamar yadda ya gan ta, ya rubuta wa Hakimi cewa Bature ya ce kowannensu ya kama bakinsa a zauna lafiya. Hakimi ya ɗauka an jingine rabon alƙali ne, ba a son a ƙara tā da maganar. Ya kira su biyu ya gaya musu. Wan ya koma gida yana murna, ya shuka gonar duka. Ƙanen kuwa, mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, ya rasa inda zai sa ƙwaya. Daminar nan duka a ƙodago ya yi ta, yana noma gonakin mutane ana auna masa hatsi da yamma.

Da kaka ta yi, ya ga wansa yana ɗaure dammuna a gonar ubansu, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya yi tafiyar kwana biyu a ƙasa, ya zo birni ya faɗi a ƙofar ofis. Babban Akawu ya ce a ɗauko fayil, kuma ikon Allah, wanda aka aika ya ɗauko shi ne mai rubutun. Yana tafe yana dubawa, ya ga hukuncin alƙali, ya ga kofen takardarsa da alamar sunansa a gindi. Kafin nan ya riga ya gamu da "piece of land" a takardun filaye. Nan take ya gane abin da hannunsa ya aikata, gumi ya karyo masa.

Ba wanda ya sani sai shi. An riga an ɗauke Baturen zuwa wani lardi. Haruffa biyu ne kaɗai a tsakiyar kalma, da ya so da ya kankare su a kofen ya buga daidai, laifi ya koma kan malamin da ya yi fassara. Ya ce wa Babban Akawu a ba shi zuwa gobe ya haɗa takardun. Daren nan bai runtsa ba. Abin da ya yi ta faɗo masa a rai shi ne malaminsu na allo, wanda ya kan tsare yaro a kan harafi ɗaya har hantsi. Ya kan ce musu "ƙul" umurni ne a faɗi magana, "kul" umurni ne a ci abinci, "ƙalbu" zuciya ce, "kalbu" kuwa kare ne, wanda ya sāke harafi ya sāke magana, kuma za a tambaye shi.

Da gari ya waye ya tafi ya durƙusa gaban Babban Akawu, ya ajiye fayil, ya nuna masa wurin da yatsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi wannan ɓarna."

Dattijon ya sa tabarau ya duba, ya yi shiru. Can ya ce, "Da ka ji zuciyarka ba ta kwanta ba, me ya hana ka tambaya?"

Ya ce, "Kunya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, ga kunyarka can zaune a ƙofa, da tsumma a kafaɗa. Je ka duba ta. Bature ya yi laifi da ya sa hannu bai karanta ba. Mai fassara ya yi laifi da ya ga takarda ta saɓa wa hukunci bai tsaya ya bincika ba. Amma daga alƙalaminka abin ya taso. Ka kyauta da ka faɗa da bakinka, sai dai wannan ba zai hana a hore ka ba."

Aka rubuta masa takardar jan kunne, aka tsai da ƙarin albashinsa na shekara guda. Sabon Di'o ya rubuta gyara, aka sāke dasa gamba, aka sa wan ya ba ƙanensa wani abu daga cikin amfanin gonar. Amma damina in ta wuce ta wuce, ba takardar da ke mai da ita. Akawu ya rage daga albashinsa wata uku yana sayen dawa yana aika wa mutumin. Ranar da ya fara kai masa da kansa, ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Manomin ya dube shi ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe alƙalami ya fi gatari kaifi. Na yafe maka, amma don Allah a riƙa dubawa, mu ba mu da ido a wurin sai naku."

A ranar nan ya sayi ɗan littafinsa a kanti. Abin da ya fara rubutawa a shafin farko shi ne "peace" da "piece".

Da littafin ya fara cika, sai ya lura tagwayen nan iri uku ne, ya kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda ko Baturen Ingila ba ya rarrabe su da kunne. A cikinsu akwai "sell", sayarwa, da "cell", ɗakin tsare mai laifi. Akwai "bail", belin wanda a ke tuhuma, da "bale", ƙunshin auduga ko na fata. Akwai "wait", jira, da "weight", nauyi, waɗanda ke haɗuwa kullum a takardun kasuwar gyaɗa. Akwai "whole", abu duka, da "hole", rami. Akwai "week", mako, da "weak", rarrauna. Akwai "heir", magaji, da "air", iska. Akwai "council", majalisa, da "counsel", shawara ko lauya. Akwai "principal", shugaban makaranta ko uwar kuɗi, da "principle", ƙa'ida. Akwai kuma 'yan uku, irin su "to" da "too" da "two", da "their" da "there" da "they're", da "write" da "right" da "rite".

Kashi na biyu su ne waɗanda Bature ke ji dabam, amma kunnen Bahaushe ya gama su. Hausa ba ta raba "p" da "f" ba, saboda haka "file" da "pile", da "full" da "pull", da "copy" da "coffee", duk su kan zama ɗaya a bakin mai koyo. An sha ba da labarin masinjan da aka aika ya kawo kofen takarda ya dawo da abin sha. Haka "b" da "v", kamar "boat" da "vote". Haka "live" da "leave", ɗaya zama ɗaya tashi, wanda ya gama su ya iya korar mutum daga gidan da aka ce ya zauna. Mafi haɗari a wurin mai riƙon kuɗi su ne "fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty". Tsakanin fam 15 da fam 50 akwai abin da zai kai malamin Baitulmali gidan yari.

Kashi na uku su ne masu kama ta ido da ta kunne duka, ko da ya ke ba ɗaya su ke ba, kamar "lose", asara, da "loose", sako-sako, da "accept", karɓa, da "except", ban da, da "quiet", shiru, da "quite", sosai.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya sa mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa suka kasa gyara rubutunsu? Amsa tana cikin tarihinsu. Da fari dai haruffansu 26 ne, amma sautukan da ke cikin harshen sun kai wajen 44, watau riga ta yi wa mai ita kaɗan. Na biyu, a shekarar 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci ƙasar Ingila da yaƙi, harshensu ya zama na fada da na shari'a shekaru masu yawa. Kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin Turanci, waɗansu suka yi karo da 'yan gida. "Sell" ɗan gida ne, "cell" baƙo ne. "Peace" da "piece" kuwa duk ta Faransa suka zo, amma a lokacin nan kowane da irin lafazinsa.

Na uku, shi ne babba. A 1476 wani mutum, William Caxton, ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster. Daga nan rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya, har ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara kafe shi. Amma bakin mutane bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 da 1700 lafazin dogayen wasulansu ya yi ta sākewa, har "meat", nama, da "meet", haɗuwa, waɗanda dā a ke faɗa dabam, suka koma ɗaya. Dā can a kan faɗi "k" ɗin da ke farkon "know" da "knight", daga baya aka daina, sai suka yi daidai da "no" da "night". A kan faɗi "w" ɗin "write", a kan kuma faɗi "gh" ɗin "right" da wani sauti mai kama da ha mai ruwa ta Larabci. Duk sun mutu a baki, amma gawarsu tana nan a takarda. Saboda haka rubutun Turanci hoton yadda kakanninsu ke magana ne, jikoki kuwa sun sāke harshe.

Waɗansu tagwayen ma uwarsu ɗaya. "Stationary", abin da ke tsaye ba ya motsi, da "stationery", kayan rubutu, tushensu guda. A dā mai sayar da littattafai a Ingila yana da rumfa tsayayya, ba ya yawon talla, sai aka kira shi da sunan tsayuwarsa, kayansa kuma suka gāji sunan. Haka "practice" da "practise", da "licence" da "license". A ƙa'idar Ingila mai "c" suna ne, mai "s" aikatau ne, amma mutanen Amurka ba su bin wannan rabo.

Kada Bahaushe ya yi wa Bature dariya, gama kowane gida da irin tasa. Abin mamaki, tamu Hausar kishiyar Turanci ce a wannan wuri. Su suna faɗa ɗaya su rubuta dabam, Bahaushe kuwa yana faɗa dabam ya rubuta ɗaya, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. "Gari" na mutane da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, "wuya" mai ɗaukar kai da "wuya" ta wahala, "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa, duk haka su ke. In kuwa an bar lanƙwasa, "baki" da "baƙi", da "kafa" da "ƙafa", sai su haɗu. Amma yaro ɗan aji biyu ba ya karanta "an niƙa gari" ya zaci an niƙa birni da ganuwarsa. Me ya tsare shi? Maƙwabtan kalmar ne, da kuma sanin abin da a ke magana a kai.

A nan akawun ya gane asalin kuskurensa. Rashin sanin haruffa ba shi kaɗai ya kā da shi ba. Ya rubuta takarda ne bai san abin da ta ƙunsa ba. Da ya karanta hukuncin alƙali tun da fari, da ya san maganar rabon gona ce, kunnensa kuma da bai ruɗe shi ba. Saboda haka ya rubuta ƙa'idodi huɗu a bangon littafinsa, su ya kan karanta wa sababbin yara.

Ta ɗaya, kada ka rubuta abin da ba ka iya mayarwa da Hausa a zuciyarka ba. In ka juya shi ka ji ba ya da kai, to, akwai tagwai a ciki.

Ta biyu, in ana yi maka shifta, ko ana karanta maka saƙo ta tarho, ka maimaita wa mai faɗa, ka tambaye shi ma'ana. Ka ce, wanne ne, na zaman lafiya ko na yanki? Matambayi ba ya ɓata, kunyar tambaya ta minti ɗaya ce.

Ta uku, kowane adadi na kuɗi, ko na shanu, ko na kwanaki, ka rubuta shi da lamba ka kuma rubuta shi da kalmomi.

Ta huɗu, kada takarda ta fita hannunka sai ka karanta ta sau biyu, sau ɗaya don haruffa, sau ɗaya don mutumin da za ta faɗa a kansa.

Yara da yawa sun bi ta hannunsa. Waɗansu sun fi shi makaranta nesa, sun yi midil, sun yi kwaleji, su kan yi murmushi in ya fiddo littafin. Ba ya jin haushi. Sai ya ce wa yaro ya ɗauki alƙalami, ya yi masa shiftar layi uku, ya cusa tagwaye biyar a ciki. Da wuya a sami wanda ya tsallake duka. In yaro ya fāɗi, ba ya yi masa dariya, sai ya buɗe shafin farko ya ba shi labarin gonar, bai ɓoye ko wane ne akawun ba.

Yanzu En'e ta wuce, fam da sule sun wuce tun 1973, tafireta ta ba kwamfuta wuri. Kwamfuta ta kan ja jan layi a ƙarƙashin kalmar da aka ɓata haruffanta, har mutane suka saki jiki. Amma "peace" kalma ce sosai, "piece" ma kalma ce sosai, sau da yawa na'ura ta kan bar su su wuce, don ba ta san akwai wa da ƙane da gona ba. Har yanzu da Turanci a ke rubuta takardun kotu, da na filaye, da na asibiti, da na banki a Nijeriya, har yanzu kuma da yawa daga cikin waɗanda takardun ke yanke wa hukunci ba su iya karanta su ba. Amanarsu tana hannun mai rubutu, kamar yadda ta ke a 1953.

Manomin nan ya shuka yankinsa a damina ta biye, Allah ya ba da amfani. Da kaka ya zo birni da zakara ɗaya a hammata, ya tsaya ƙofar ofis ya ce a kira masa malamin da ya yi kuskure. Akawu ya fito, ya ƙi karɓa, ya ce bai cancanta ba. Manomi ya ce, "Malam, ba na kuskuren ba ne, na faɗin gaskiyar ne." Sa'an nan ya karɓa.

Allah ya tsare mai alƙalami daga cutar da wanda bai san shi ba, amin.